Kundin ra'o'in tarke na shagunan Samaru: ya cancanci kuɗinsa, amma babin nufin marubuci na buƙatar gyara

Duk ɗalibin da ya kai ajin da ake koyar da tarken adabi a Zariya ya san kundin nan. A shagunan fotokwafi na Samaru ake samunsa, waɗanda ke jere a bakin titi daura da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ɗaliban harabar jami'ar ta Kongo da na kwalejin ilimi ma can suke zuwa nemansa. Ba shi da suna guda, ba shi da sunan wanda ya haɗa shi. Kana cewa "na ra'o'in nazari" mai shago zai gane, ya zaro uwar takardun daga ƙarƙashin kanta ya buga maka. Akwai ɗan bambanci daga shago zuwa shago, amma ƙashin bayansa ɗaya ne: shafi ɗari da 'yan kai a takardar A4, an kasa shi uku. Kashin farko hanyar nazarin waƙa da zube irin ta gida. Na biyu jerin mazhabobin Turai, kowace da shafi biyu zuwa huɗu. Na uku kuma babin da ya fi jawo gardama, wato na tambayar wa ke da iko da ma'ana: marubuci, ko matani, ko mai karatu.

Hukuncina tun da wuri shi ne a saya. Ɗalibin da ba shi da halin mallakar littattafai goma zai sami taswirar fagen a hannunsa da kuɗin da bai wuce na buga shafukan da ɗauri ba. Amma wanda ya ɗauki kashi na uku yadda yake ya zuba a kundin digirinsa, zai sha wuya ranar kare aiki, kuma abin da ya fi wannan muni, zai fita da gurguwar fahimta game da muhawarar da ta fi kowace amfani ga mai nazarin adabin Hausa.

Kashin farko shi ne mafi inganci, domin an ɗora shi a kan tsarin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Gadon Feɗe Waƙa, da kuma matakan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na nazarin waƙar baka. Matakan suna nan a jere yadda malamai ke son ganinsu: share fage da tarihin mawaƙi da salsalar waƙa, sai jigo da furucinsa da warwararsa, sai zubi da tsari inda ake duba yawan ɗango a baiti da amsa-amo da kari, sannan salo da sarrafa harshe, kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da sauransu. Misalan sun dace, bayanin bai da kwana-kwana. Kashi na biyu kuwa taƙaitawa ce kawai. Ya isa a san cewa akwai mazhabar Markisanci da ta matantaka da ta bin tsarin matani da ta bayan mulkin mallaka, amma bai isa a ɗora bincike a kai ba, kuma bai yi da'awar ya isa ba. Ba ni da ƙorafi a kansa sai na ƙarancin misalai daga rubutunmu.

A kashi na uku ne aka yi tuya aka manta da albasa.

Yadda aka tsara babin shi ne kamar tsani. Da can, in ji kundin, ana neman ma'ana a rayuwar marubuci. Sai Amurkawa biyu masu tarke, Wimsatt da Beardsley, suka zo a 1946 suka ce wannan kuskure ne. Sai Bafaranshe Roland Barthes ya zo a 1967 ya sanar da mutuwar marubuci. Sai Michel Foucault, shi ma Bafaranshe, ya ƙarasa a 1969. Shi ke nan, magana ta ƙare, wanda ya ci gaba da tambayar abin da marubuci ke nufi ya zama ɗan da. Shekarun daidai ne, sunayen daidai ne, amma labarin ba haka yake ba, kuma kowanne daga cikin mutanen nan an rage masa magana har ta canza kama.

A ɗauki Wimsatt da Beardsley. Ba su ce marubuci ba shi da nufi ba. Abin da suka ce shi ne nufin da ke cikin ransa ba a iya isa gare shi, kuma ko da ana iyawa, bai kamata ya zama ma'aunin da za a auna nasarar waƙa da shi ba. Idan mawaƙi ya yi nasarar abin da ya nufa, to yana nan cikin waƙar, a duba can. Idan bai yi nasara ba, to jin ta bakinsa ba zai gyara baitin ba. Sun kuma raba hujja gida uku, kuma wannan rabon shi ne abin da ɗalibi zai yi aiki da shi kai tsaye, amma kundin ya tsallake shi ɗungurungum. Akwai hujjar ciki, wato kalmomin waƙar da nahawunsu da ma'anarsu a harshen jama'a. Akwai hujjar waje, irin wasiƙu da hirarraki da abin da mawaƙi ya gaya wa abokinsa. Sannan akwai ta tsakiya, wato yadda shi wannan mawaƙin ko mutanen da'irarsa ke amfani da wata kalma ta wata fuska ta musamman. Wannan ta ukun ba su kore ta ba. Ɗalibin da ke nazarin waƙar wani malamin birnin Zazzau, ya tarar da kalmar da almajiran wannan zauren kaɗai suka san inda ta dosa, yana tsaye ne a kan hujja ta tsakiya, kuma yana da cikakken izinin amfani da ita ko a mazhabar da ta fi kowace tsanani a kan matani.

Barthes kuma an mayar da shi taken gangami. Maganarsa ita ce rubutu saƙa ce ta maganganun da suka riga shi, cewa marubuci ba ya ƙirƙiro harshe daga babu, kuma jingina matani ga mutum guda hanya ce ta rufe ƙofar fassara. Ana iya yarda, ana iya ƙi, amma sai an san abin da ake yarda da shi. Foucault ma ba ƙarasa kashe marubuci ya yi ba. Tambayarsa daban ce: wane aiki sunan marubuci ke yi a cikin al'umma? Me ya sa ake neman sunan mai labari amma ba a neman na mai rubuta takardar yarjejeniya? Ya danganta abin da mallaka da kuma hukunci, wato an fara damuwa da sanin mai magana ne sosai lokacin da ake son a san wanda za a kama. Duk wanda ya san yadda hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano ke hulɗa da marubuta da mawaƙa zai ga cewa wannan tambaya ba ta Faransa kaɗai ba ce.

Babban giɓin shi ne ɓangare na biyu na muhawarar babu shi sam. A shekarar 1967 ɗin da Barthes ya fitar da maƙalarsa, E. D. Hirsch a Amurka ya fitar da littafi yana kare akasin haka. Ya bambanta ma'ana, wato abin da marubuci ya nufa da kalmomin da ya jera, wadda ba ta canzawa, da muhimmancin matanin ga wani zamani ko wani mai karatu, wanda ke canzawa kullum. Hujjarsa mai nauyi ce: idan aka cire nufin marubuci, da me za a ce wannan fassara ta fi waccan inganci? A 1982 kuma Steven Knapp da Walter Benn Michaels suka zo da wadda ta fi zafi. Suka ce a ƙaddara mutum na tafiya bakin teku ya ga baitin waƙa a rubuce kan yashi, sai igiyar ruwa ta zo ta koma ta bar baiti na biyu. Ko dai ya yarda akwai wani mai nufi a bayan abin, ko kuma ya yarda cewa waɗannan ba kalmomi ba ne, zane ne da ya yi kama da kalmomi. A wurinsu ma'ana da nufi abu ɗaya ne, don haka duk ra'in da ke neman zaɓa tsakaninsu aikin banza yake yi. Kundin da zai koyar da muhawara ya ɓoye rabinta bai yi wa ɗalibi adalci ba, ko da kuwa wanda ya haɗa shi yana ganin Barthes ne ke da gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a gwada ko ɗaya daga cikin ra'o'in nan a kan adabin Hausa ba, alhali adabinmu cike yake da wuraren gwaji da suka fi na littattafan Turai kaifi, kuma da yawansu a nan Zariya aka haife su.

Ga rubutacciyar waƙa ta ƙarni na 19 da farkon na 20. Al'adar marubutanta ce su sa hannu a cikin waƙar kanta: a baitocin ƙarshe mawaƙi ya faɗi sunansa, wani lokaci da na mahaifinsa da garinsu, ya faɗi yawan baitoci, ya ba da shekara ta hanyar ramzi, wato jera haruffan Larabci da kowanne ke wakiltar wani adadi. To a nan marubuci yana waje ne ko yana ciki? Sunansa hujjar ciki ce, domin baiti ne mai kari da amsa-amo kamar sauran. Wanda ya ce zai karanta matani kawai ya bar marubuci, matanin da kansa zai miƙo masa marubucin. Kundin ya ambaci ramzi a kashin farko, amma teburin lissafin haruffan da ke wasu kwafe-kwafen na Gabas ne, inda harafin shin ke 300, gain ke 1000. Malamanmu lissafin Magariba suke bi: shin 1000, sin 300, sad 60, dad 90, gain 900. Shi ya sa ramzin shekarun 1200 na Hijira ke farawa da shin da ra, na 1300 kuma da shin da sin. Wanda ya yi lissafi da teburin Gabas zai fitar da shekarar da ba ta da alaƙa da rayuwar mawaƙin, ya gina babin tarihi a kanta. A duba wannan shafin tun a shago, a gyara da biro.

Ga kuma tahamisi. Waƙar Tabban Haƙiƙa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a gaban kowane biyu. Baiti guda mai ɗango biyar, hannu uku a cikinsa. Nufin wa za a nema? Mai bin Hirsch dole ya raba baitin ya nemi nufi fiye da ɗaya. Mai bin Barthes zai ce ga saƙar da nake faɗa. Amma shi ma sai ya yi bayanin dalilin da ya sa masu karatun waƙar ba su taɓa mance sunayen nan uku ba, kuma darajar waƙar a wurinsu tana rataye da su. Shafi biyu a kan wannan waƙa kaɗai da sun koyar da abin da shafuka ashirin na taƙaita sunayen Turawa ba su koyar ba.

A zube ma haka. Magana Jari Ce a Zariya Abubakar Imam ya rubuta shi, a ƙarƙashin Hukumar Talifi da Rupert East ke shugabanta, kuma sananne ne cewa labarai da yawa a ciki an ɗebo tushensu daga littattafan Larabawa da Indiya da Turai aka sake musu tufafi. Jiki Magayi kuwa sunan mutum biyu ne a bangonsa, John Tafida da East. Littattafan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 duk sun bi ta hannun edita mai nasa ra'ayin game da abin da ya dace a karanta a makaranta. Wannan shi ne ainihin fagen tambayar Foucault: wa ya yanke cewa wannan suna ne zai hau bango, kuma me sunan ya riƙa yi wa littafin daga baya?

Sai habaici da zambo, inda ni a ganina masu cewa nufi ba shi da muhimmanci suke shan kaye. Makaɗin fada ba ya kiran sunan wanda yake yi wa zambo. Zai siffanta shi ne da tafiyarsa ko rawaninsa ko wata dabba, 'yan fada su gane, baƙo ya ji waƙa kawai. Idan aka cire wanda aka nufa, ba wai ma'anar ta ragu ba ce, nau'in maganar ne gaba ɗaya ya ɓace, domin habaicin da ba a nufi kowa da shi ba ba habaici ba ne. Waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903 daga baya Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, ba a warware su sai da sanin halin da fada ke ciki a zamaninsa. Duk da haka masu matani suna da abin cewa, kuma gaskiya ne: waƙar zambo takan rayu bayan an manta wanda aka yi wa, mutane su ci gaba da jin daɗinta suna ɗora ta a kan nasu abokan hamayya. Rabon Hirsch na ma'ana da muhimmanci a nan yake aiki sarai, kuma shi ne kundin ya bari a waje.

Akwai ma wata hanyar da ɗalibin da ya yi karatun zaure ya riga ya sani. A fiƙihu an bambanta lafazi sarihi da kinaya: akwai furucin da ake hukunci da zahirinsa ba tare da an tambayi mai shi abin da ya nufa ba, akwai kuma wanda sai an koma ga niyyarsa. Malaman balaga tun daga Jahiz zuwa Abdulƙahir Jurjani sun daɗe suna tattauna alaƙar lafazi da ma'ana. Wato tambayar yaushe magana ke tsayawa da ƙafarta, yaushe take buƙatar mai ita, ba baƙuwa ba ce a garin nan. Kundin da ake sayarwa a Zariya ya kamata ya fara daga abin da mai karatunsa ya sani.

Illar wannan giɓi a aikace ana ganinta a kundayen digiri. Ɗalibi zai rubuta a babi na biyu ko na uku cewa ya ɗora aikinsa a kan ra'in mutuwar marubuci, ya kwafo sakin layi uku daga kundin nan. A babi na huɗu kuma sai ga shi ya tafi gidan marubucin ya yi hira da shi, yana kafa hujja da "marubucin ya tabbatar mini cewa abin da yake nufi shi ne kaza." Babi biyu suna ƙaryata juna, kuma mai jarrabawa na waje da wannan zai fara. Dalilin ba rashin ƙwazo ba ne. An koya masa ra'i a matsayin abin da ake ambata don cika sharaɗi, ba kayan aikin da ke canza yadda ake karanta baiti ba. Ma'aunin ra'i kuwa ɗaya ne: a cire shi daga aikin, idan babin nazari bai canza ko da layi guda ba, to ba a yi amfani da shi ba.

Ga yadda za a ci moriyar kundin duk da haka. A zaɓi gajeriyar waƙa da ba a sani ba, baiti goma zuwa goma sha biyar, a sa aboki ya rufe sunan mawaƙin da baitocin sa hannu. Wannan gwajin I. A. Richards ne, wanda ya ba ɗalibansa na Kambirij waƙoƙi goma sha uku babu suna ya wallafa sakamakon a 1929. A rubuta jigo da warwararsa daga kalmomin kaɗai, kowace da'awa da lambar baitin da ta fito. Sannan a buɗe sunan, a nemo tarihi da salsala, a sake rubutawa da tawada mai wani launi. Sai a kwatanta. Inda launi na biyu ya gyara kuskure na gaske, kamar kalmar da aka fahimta a baibai ko habaicin da ba a gano ba, nan ne nufi da yanayi suke da aiki. Inda kuwa ya ƙara labari kawai ba tare da ya taɓa fahimtar baiti ba, wannan tarihi ne, a bar shi a share fage. Mutum uku ko huɗu su yi tare ya fi, domin saɓanin da zai fito tsakaninsu shi ne darasin mazhabar mai karatu a aikace.

Idan marubucin yana raye kuma za a yi hira da shi, a ɗauke shi a matsayin shaida, ba alƙali ba. Kada a ce masa "Malam, ashe ba talauci kake nufi da wannan ba?", domin kunya da kara za su sa ya ce haka ne. A tambaye shi yaushe ya rubuta, a ina, wa ya fara ji, me aka cire kafin bugawa, wa ya cire. A rubuta ranar hirar, domin abin da mutum ke faɗa bayan shekara ashirin game da waƙarsa karatu ne na biyu, ba lallai ya zama nufin farko ba. Idan maganarsa ta saɓa wa abin da ke kan takarda, a kawo duka biyun a tattauna, kada a goge ɗaya.

Rashin sunan mai haɗawa da rashin lambobin shafi na asali matsala ce ta daban. Ba a kafa hujja da kundin nan a aikin digiri. A yi amfani da shi a san sunan wanda za a nema da shekarar, sannan a tafi Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ko intanet a karanta asalin. Maƙalar Barthes ba ta kai shafi goma ba, ta Wimsatt da Beardsley kusan ashirin ce, ana gama kowace a zama ɗaya.

Wajen saye kuma, kada a karɓi wanda aka riga aka ɗaure. A ce wa mai shago, "Malam, don Allah a ba ni in duba kafin a huda." A ƙirga shafukan, domin injin yakan ja takarda biyu a haɗe ya tsallake ɗaya, kuma an fi samun haka a tsakiyar kashi na biyu inda ba a lura. A duba gefen hagu: kwafin da aka yi daga kwafi yakan matso, idan aka huda don zobban roba sai a cinye haruffan farkon layi, abin da ke lalata misalan kari da amsa-amo. A duba ƙ da ɗ da ɓ, domin a shafukan da aka sake bugawa da kwamfuta sukan koma akwati ko su rasa lanƙwasarsu. A nemi a buga fuska ɗaya idan da hali, bayan takardar ya zama wurin rubuta gyare-gyaren da aka ambata a sama. A sa farar takarda tsakanin shafin farko da murfin roba, in ba haka ba zafin Maris da Afrilu zai sa tawadar ta manne da robar ta ɗaye. Ɗaurin zobba ya fi na ƙusa, domin ƙusar tana tsatsa da damina ta ci takarda.